Yadda Za Ka Sa Tarwada Ta Noma Maka Alayyafo a Bayan Gida

Idan tsadar kifi ta sa ka fara wuce teburin mai kifi kana kallon sama, ɗaurin alayyafo kuma kullum sai ƙara ramewa yake yi a hannun mai kayan miya, to gyara zama. Akwai wata dabara da ake kira akwafoniks, wato kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya. Ba ta buƙatar gona, ba ta buƙatar fartanya. Ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga ma ya isa.

Ka ɗauka gidan haya ka buɗe mai ɗauke da 'yan haya uku. Na farko kifi, aikinsa ya ci ya ɓata ruwa. Na biyu ganye, aikinsa ya sha abin da kifi ya ɓata. Na uku ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, suna maƙale a jikin tsakuwa. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya, wadda guba ce gare shi. Bakteriyar nan su ke juya amoniya ta koma naitirait, wasu 'yan'uwansu su juya naitirait ya koma naitiret, wanda shi ne takin da ganye ke so. Ganye ya tsotse, ruwa ya koma wa kifi a tace. Duk wanda ya kula da ɗan haya na ukun nan, sauran biyun ba za su ba shi ciwon kai ba.

Na ɗaya: nemi izini kafin ka nemi tanki

Lungun da kake gani babu kowa yana da mai shi. A can ake shanya, a can ake ajiye turmi. Ka zauna da uwargida ku daidaita, ka yi mata alkawarin na'a-na'ar shayi da ɗoɗɗoyar miya. Sannan ka zaɓi wuri da kyau tun kafin ka zuba ruwa, domin lita 1,000 na ruwa nauyin tan guda ne. Idan ka cika tanki sannan aka ce ka matsar da shi, ko majiya ƙarfin unguwa ka tara, sai dai ku yi hira ku watse. Ganye yana son rana, tankin kifi yana son inuwa. Ka yi wa tankin rumfa, in ba haka ba gansakuka za ta mayar da ruwan kore shar, zafin watan Afrilu kuma ya jigata kifin.

Na biyu: kayan aiki

Tankin roba mai cin lita 1,000, wanda ba a taɓa zuba sinadari ko mai a ciki ba. Duro na roba da aka raba biyu a tsaye, shi ne kwamin shukarka. Tsakuwa da za ta cika shi zurfin santimita 30. Ɗan injin tura ruwa da zai iya juya ruwan tankin gaba ɗaya cikin awa guda, da bututu, da injin hura iska. Ruwa ya hau kwami, ya ratsa tsakuwa, ya gangaro tanki.

Kafin ka biya mai tsakuwa, ɗebi 'yan ƙwayoyi ka matsa musu lemun tsami. Idan suka yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai dagula maka ruwa, ka bar masa kayansa. Wadda ka saya kuma ka wanke ta tas. Wannan aiki ne da za ka gane su wa ke ƙaunarka a gidan, domin da zarar an ga bokiti kowa zai tuna yana da aike.

Na uku: haƙuri, kafin kifi

A nan yawancin sababbin shiga ke yin asara. Mutum ya haɗa kaya da safe, da yamma ya juye 'ya'yan kifi ɗari biyu, bayan mako guda ya tarar da su ciki sama. Bakteriya ba su riga sun tare ba, babu mai kwashe guba. Suna buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Idan ruwan famfo za ka yi amfani da shi, bar shi a buɗe kwana biyu kulorin ya fice. Ka kunna inji, ka saka kifi 'yan kaɗan, ka riƙa ba su abinci kaɗan, kana gwada ruwa. Sai ka ga amoniya da naitirait sun sauka ƙasa da miligiram 1 a kowace lita, sannan ka ƙaro kifi. A makonnin nan maƙwabta za su riƙa leƙowa suna cewa, "Malam, ina kifin?" Ka ce musu ana gyaran ɗaki, amarya tana hanya.

Na huɗu: wane kifi, kuma guda nawa?

Ga mai koyo a ƙasarmu, tarwada ce abokiyar tafiya. Tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa takan jure idan an ɗauke wuta. Karfasa ma tana yi, amma ita ba ta kai tarwada jure ƙarancin iska ba, kuma idan ka haɗa maza da mata za su cika maka tanki da 'ya'ya ba tare da sun nemi shawararka ba.

Littafin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2014 kan wannan sana'a ya ba da shawarar kada kifi ya wuce kilo 20 a lita 1,000. Ka fara da guda 20 zuwa 30. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ka sayi masu girma ɗaya, domin babbar tarwada ba ta san zumunci ba, ƙanwarta za ta haɗiye ta ci gaba da iyo kamar ba a yi komai ba. Ka kuma rufe tankin da raga. Tarwada tana tsalle, magen maƙwabta kuma ta riga ka sanin ranar da kifin ya iso.

Na biyar: tanki ba kwandon shara ba ne

Ka tara yara ka yi musu huɗuba: ba a zuba wa kifi ragowar tuwo, ko ƙanzo, ko biskit. Abincin kifi na buhu ake ba shi, safe da yamma. Abin da ya rage yana yawo a saman ruwa bayan rabin awa, kwashe shi, gobe ka rage hannu. Ma'aunin da masana ke bi shi ne giram 40 zuwa 50 na abinci a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye. Lokacin hunturu kifi yakan rage ci saboda sanyi. Kada ka ɗauka fushi yake yi, ka rage abincin, ka lulluɓe tankin da dare.

Na shida: me za ka shuka?

Fara da masu saurin fitowa: alayyafo, latas, lalo, na'a-na'a, ɗoɗɗoya. Ka wanke ƙasar da ke jikin saiwar dashe, ka tura shi cikin tsakuwa. Latas yakan isa yanka cikin mako 4 zuwa 5 bayan dashe. Tumatir da attaruhu masu ci ne da yawa, ka bari sai bayan wasu watanni, kifi ya girma taki ya wadata. Rogo da doya kuwa ka bar wa gona. Idan akwai akuya a gidan, ka kewaye kwamin tun kafin ganye ya tsiro, domin ita ba ta jiran ranar girbi.

Na bakwai: abubuwan da ba sa shiga lungun

Fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari, sabulu, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ka fesa wa ganye, kifi ne zai sha. Idan ka ga tsutsa, sa hannu ka cire ta, ka jefa wa tarwada ta yi maka godiya.

Ban da kiyaye waɗannan, ka riƙa gwada tsamin ruwan duk mako. Ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 6 da 7. Ruwa ba ya tsami banza: aikin bakteriya ne ke sa shi tsami a hankali. Idan ya sauka ƙasa da 6, daka ɓawon ƙwai, ƙulle shi a tsumma mai tsabta ka rataya a cikin ruwan. Idan sababbin ganye suka yi rawaya jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe suke nema, ana samunsa wurin masu sayar da kayan noma.

Na takwas: wuta

Inji shi ne ran wannan aiki. Idan ya tsaya na sa'o'i da yawa, saiwa ta bushe, bakteriya su mutu, ruwa ya lalace. Kada ka jingina rayuwar kifinka da wutar layi. Ɗan faifan sola da batir sun isa ƙaramin inji. Kafin ka yi tafiya, ka koya wa mutum ɗaya a gidan yadda ake kunnawa, kuma ka zaɓi wanda ba ya mantuwa.

Idan ka kiyaye waɗannan, cikin wata biyu za ka fara tsinko ganyen miya a bayan ɗakinka, cikin wata 5 zuwa 6 kuma tarwada ta isa shiga tukunya. Ruwan da za ka riƙa ƙarawa bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na tankin a rana ba, abin da ya yi ƙasa sosai da ban-ruwan lambu. A garuruwan da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Don haka, ɗan'uwa, fara da tanki ɗaya da kwami ɗaya, ka koyi halin ruwanka kafin ka faɗaɗa. Ranar da aka yi farfesun farko kuma, ka aika wa maƙwabta nasu kwanon, domin sun daɗe suna tambaya.