Jinjina ga Injiniyan Layinmu

Duk unguwar da Allah ya ba injiniya irin namu, sai ta yi ta godiya. Teburi ɗaya gare shi a gindin darbejiya, da sukundireba biyu, da filas da yake ratayawa a wuya kamar laya. Kwamfutar tafi-da-gidanka kowace iri ce, tun kafin ka gama sallama ya gano ciwonta: "Bairos ne, Alhaji, sai an yi fomatin." Ina za ka sami likitan da ba ya ɓata maka lokaci da gwaje-gwaje?

Na kai masa tawa ne da ta fara nauyi, nakan kunna ta in je in yi alwala in dawo tana nan tana tunani. Wasu marasa aikin yi da sai su danna Ctrl da Shift da Esc, su buɗe Task Manager, su ga abin da ke cinye mata ƙarfi, su kashe tarin manhajojin da ke tashi tare da ita ba wanda ya gayyace su. Aikin minti biyu ke nan, kuma kyauta. Injiniya ya fi ƙarfin wannan ƙaramin aiki. Share komai ya yi, har da hotunan bikin ƙanwata, ya sauke mini nauyin tuna baya. Sannan ya zuba mini Windows 7 daga layar wuyansa, wadda masu ita suka daina kula da tsaronta tun Janairun 2020. Su sun yi watsi da ita, shi yana nan riƙe da amana.

Karamcinsa ma abin faɗa ne. Rigakafin bairos ɗaya ya ishi kowace kwamfuta, amma shi uku ya sa mini, kishiyoyi uku a ɗaki ɗaya, kowace na binciken akwatin 'yar'uwarta dare da rana. Ɗakin kuwa, wato RAM ɗinta, gigabait 4 ne kacal. Ya ƙara da wata manhajar "ƙara gudu" wadda ita ma sai ta ci nata kason kafin ta fara yi mini tallace-tallace. Da zan tafi ya ba ni laƙani: kullum in danna F5 sau ashirin kafin in fara aiki. An ce wai sake zana allon kawai yake yi, amma ni dai yatsana ya yi ƙwari.

Abin da ya fi burge ni shi ne kunyarsa. Hunturu uku kwamfutar ta yi ba a buɗe cikinta ba, ƙura ta toshe fanka da ƙofar iska, ni kuma na taimaka da ɗora ta a kan katifa. In zafi ya yi yawa, injin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Injiniya yana da sukundireba, amma tarbiyya ba ta bar shi ya leƙa cikin kayan mutane ba. Da na ce tana ruri kamar injin markaɗe, sai ya ce alamar ƙarfi ce.

Wani ɗan yayata, yaro marar ta-ido, shi ya ɓata wannan zumunci. Ya kwance ta, ya goge fanka da burushi, ya cire tsohon faifan ajiya mai juyi 5400 a minti ya sa SSD wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, ya kai RAM gigabait 8, ya sallami kishiyoyi biyu. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Shayin da nake sha ina jiranta ya gagare ni, ziyarar da nake kai wa Injiniya duk wata uku ita ma ta yanke.

Wanda tasa ta yi nauyi, Injiniya yana fitowa da ƙarfe tara. Ka dai kwashe hotunanka kafin ka je.