Ranar da Aka Zana Ni

Wani ɗalibi ne ya kama hayar ɗaki a layinmu na Chikaji, yana karatun zane a Samaru. Kullum da yamma a teburin mai shayi sai ya cika mu da labarin magabatansa: yadda a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a nan Zariya, tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka ƙi bin salon Turawa ido rufe. Mu dai shayinmu muke sha.

Rannan ya ƙura mini ido ya ce, "Yaya, fuskarka akwai labari."

Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa yabon fuskar nan. Ga shi ina neman aure a Muciya, yarinya ta matsa sai na ba ta hotona. Me zai kai ni wurin mai hoto a PZ, ga na hannu kyauta?

Na ari babbar rigar shaddar Kawu, na kafa zanna bukar, har da fesa turare, wai don zane. Bayan azahar ɗalibin ya kife turmi a tsakar gida ya ɗora ni, ya ce ko tari kada in yi. Ya miƙe hannu da guntun gawayi, ya kanne ido ɗaya yana auna ni da babban yatsa kamar mai tayin ragon layya. Ƙuda ya sauka a karan hancina, ya zaga, ya goge hannuwansa a tsanake. Yaran maƙwabta suka hau katanga suna ba shi shawara. Ƙafata ta hagu ta mutu murus. Na je la'asar na dawo, ya ce haske ya canza, a sake.

Dab da magariba ya juyo da takardar. Ba riga, ba hula. Sai wani dogon wuya da maƙogwaro a tsaye, kunnuwa sun baje, idanu na mai jiran albashi.

Na ce, "Malam, ina shaddar?"

"Yaya, ai rigar ta Kawu ce. Ni kai na zana."

Na naɗe abin na nufi Muciya, don in samu mai taya ni zaginsa. Yarinyar ta warware a zaure, ta dubi takarda, ta dube ni, ta ƙwala wa ƙanwarta kira:

"Ke, zo ki gani! Wallahi kamar an tsaga kara!"