Ƙa'idojin Tura Jarumi Yaƙi da Aurar da Aljani: Jagora ga Sabon Marubuci a Ƙasar Ƙonni

Littattafan yaƙi, kamar yadda masu sayar da su da masu karanta su suke kiransu, ƙagaggun labarai ne da ake ginawa a kan tafiyar wani jarumi zuwa ƙasashen da babu su a taswira, inda yake karawa da bokaye da dodanni da sarakunan aljanu kafin ya kai ga takobi ko zobe ko gimbiyar da ya fito nema. Ƙanwarsu kuwa ita ce soyayyar aljanu, wato labarin da ake haɗa zuciyar ɗan Adam da ta wani daga cikin mutanen ɓoye, sannan a bar iyaye da dangi da masu ruƙiyya su rasa inda za su sa kansu. Duk wanda ya yi niyyar shiga wannan sana'a daga Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya kamata ya san cewa ya tarar da magabata, domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda jaruminsa ya ratsa duniya neman ruwan magani, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya yaƙi Turawa sannan ya faɗa ƙasar aljanu ya ci gaba da yaƙi a can. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa labarin wani gwarzo ne na ƙasar Rasha, alhali tun kafin nan Dare Dubu da Ɗaya ya riga ya sanar da Bahaushe labarin Saiful Muluki da na Hasanul Basari, waɗanda dukansu biyu matan aljanu suka so. Da rubutun da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, sai marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka mayar da labarin yaƙi reshe mai zaman kansa, littattafan suka riƙa bin mota daga Kano zuwa Sakkwato, su tsallako iyaka ta Illela su shigo Ƙonni, kafin salula ta karɓe dakon.

Wajibi ne sabon marubuci ya girmama dalilin da ya sa ake son waɗannan littattafai, domin wanda ya raina mai karatunsa ba zai iya yi masa hidima ba. Matashin da ya yi lakwal da Faransanci, wanda ba a taɓa zaunar da shi an koya masa rubutun harshensa ba, sau da yawa a shafin littafin yaƙi yake gane cewa idonsa na iya gudu a kan Hausa, kuma ƴan fada, wato ƙungiyar samarin da ke zaman shayi a bakin titi da dare, sukan yi tsit idan aka kunna labarin da wani ya karanta aka naɗa. A cikin littafin azzalumin sarki yana faɗuwa, maraya yana gadon sarauta, yarinyar da aka raina a gidan kishiyar uwa tana samun wanda zai ƙetare teku bakwai dominta ba tare da an tsaya cinikin lefe ba. Wannan ƙishirwar adalci da ta ƙauna ta gaskiya ce, kuma ita ce jarin marubuci, saboda haka duk ƙa'idojin da ke tafe an tsara su ne don kada a yi almubazzaranci da ita.

Abu na farko da za a tanadar wa jarumi shi ne ciki. An saba ganin sadaukin da zai yi tafiyar kwana arba'in a cikin dajin da ko tsuntsu ba ya ratsawa, ba guzuri ba salka, ya iso bai rame ba, ya zare takobi ya afka wa dakaru dubu ɗari tara, ya gama da su kafin la'asar, sannan ya tsaya yi wa gimbiya dogon jawabi numfashinsa bai ko sauya ba. Mai karatu na ƙasar Adar, wanda ya san nawa ake sayen damin harawa a watan bazara kuma ya san layin da ake yi a bakin rijiya, zai so a gaya masa abin da dawakin rundunar nan suka ci da inda suka sha ruwa. Don haka ya dace marubuci ya ɗauki alƙalami ya soke sifiri uku daga kowace runduna, ya rataya wa jarumi jakar fura ko ƙulli na ƙuli-ƙuli, ya bar ƙaya ta soke shi, ya kuma yarda a kayar da shi aƙalla sau ɗaya kafin tsakiyar littafi. Mutanen Nijar sun san darajar takobi fiye da yadda ake zato, tun da shi ake miƙa wa wanda ya lashe gasar kokawa ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, kuma abin da ke cika filin kokawa da jama'a shi ne sanin cewa gwanin bara ma yana iya shan ƙasa a hannun yaron da ba a san sunansa ba. Jarumin da aka tabbatar tun shafin farko cewa ƙarfe ba ya kama shi ya riga ya kashe fargabar da ake sayen littafin dominta.

Daga nan sai batun tsafi, wanda shi ne wurin da kasala ta fi kama marubuta. Sihirin littafi yakan zo babu farashi babu iyaka: boka ya nuna yatsa gari ya ƙone, jarumi ya murza zobe rundunar aljanu ta bayyana, har mai karatu ya fara tambayar abin da ya hana a murza zoben tun a babi na ɗaya kowa ya huta. Al'adar Hausa ta fi haka tsari nesa ba kusa ba, domin a labaran mafarauta da ƴan tauri kowane asiri yana da aikinsa guda: layar zana tana ɓoye mai ita daga idon mutane, sagau yana sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami, kau-da-bara yana karkatar da abin da aka harbo, kuma kowannensu yana da sharaɗin da in an karya shi ya lalace, yana da makari, wato abin da ke warware shi. Marubucin da ya ba jarumarsa layar da ke aiki sau uku kacal, ko wadda ke mutuwa idan mai ita ya yi ƙarya, ya samu labari kyauta, saboda daga wannan lokaci mai karatu zai riƙa ƙirga sauran damar tare da ita, zuciyarsa na bugawa duk sa'ad da aka yi mata tambayar da gaskiya za ta jawo mata hallaka.

Sunaye da wurare su ma suna bukatar gyara. An yi yayin sanya wa jarumai sunaye masu kama da Larabci waɗanda Balarabe bai taɓa ji ba, masu tsawon da sai an huta a tsakiya, a kuma zaunar da su a Birnin Misra ko Birnin Sin ko Kisra, garuruwan da ba a faɗin abin da ake nomawa a cikinsu ko ranar da kasuwarsu take ci. Marubucin Ƙonni yana zaune a kan dukiyar da bai taɓa haƙa ba. Yana da kwarin Majiya da madatsun ruwan Mozage da Zango da ke shayar da gonakin rani, yana da rumbunan albasar Galmi da sunanta ya kai manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, yana da masana'antar siminti ta Malbaza wadda ke cin duwatsun da wataƙila wani tsohon ifiritu ya daɗe yana kwana a ƙarƙashinsu, kuma ba a bukatar dogon tunani kafin a hango rigimar da za ta tashi ranar da ya farka ya tarar an yi buhu da ɗakinsa. Yana da Massalata a gefen gari, inda Azna, wato masu riƙe da addinin gargajiya, suke bikin arwa na duban abin da shekara za ta zo da shi. Aljanin da zai ɗauki jarumi zuwa Illela cikin ƙiftawar ido kuwa dole ne ya tsaya ya tambaya wace ake nufi, ta Sarkin Adar da ke arewa ko ta jihar Sakkwato da ke bayan iyaka, domin kuskure a nan yana nufin sauka da sefa a inda ake ciniki da naira.

Akwai kuma tarihin da ba na raha ba ne, wanda ya cancanci alƙalami mai nauyi. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ake ambato, makonni kaɗan bayan karonta da Sarauniya Mangu a Lugu. Abdoulaye Mamani ya ɗauki labarin Sarauniya, da yaƙinsa da asirinsa, ya rubuta littafi da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Ita ma Nnedi Okorafor, marubuciya ƴar asalin Najeriya da ke Amurka, ta kafa littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Nijar ta shekarar 2070. Idan na nesa sun ga abin al'ajabi a wannan ƙasa, ɗan gida ba shi da hujjar yin hijira zuwa Kisra.

Soyayyar aljanu ta fi ko'ina bukatar hattara. Marubuciyar da ta ƙudura aurar da jarumarta ga ɗan sarkin aljanu sai ta shirya amsa tambayoyin da gwaggo za ta yi: su wane ne magabatansa da za su zo neman aure, wa zai bincika asalinsa, da wane kuɗi zai biya sadaki kuma shin ba zai koma ganye da safe ba, ina za a kai amarya, ta wace hanya za ta zo wankan gida? Malamai sun riga marubuta tunanin wannan, domin Badruddin Shibli, malamin ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen aljanu a littafinsa Akamul Marjan, inda aka ruwaito cewa mutanen Yaman sun tambayi Imamu Malik game da irin wannan aure, shi kuwa ya ƙi shi saboda gudun kada ya zama mafakar ɓarna. Labarin da ya fuskanci waɗannan tambayoyi zai fi daɗi da ban dariya da ban tausayi a kan wanda ya tsallake su da kyautar gwala-gwalai.

Babban aibin wannan reshe shi ne halin masoyin kansa. Sau da yawa aljanin yana bin yarinya ba da saninta ba, yana kallonta tana barci, yana nakasa duk saurayin da ya zo zance, yana raba ta da ƙawaye, littafin kuma yana kiran wannan duka tsananin so. Cutar ba ta Hausa kaɗai ba ce, don an yi wa Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005 da masoyi mai shan jini, irin wannan suka, kuma finafinan Indiya na macijiya irin Nagin na 1976 sun daɗe suna haɗa ƙauna da ramuwar gayya. Amma yarinya mai shekara goma sha biyar da ke karatu a ɗaki tana koyon ma'anar so daga shafin, saboda haka dole ne a ba jarumar baki da ikon cewa a'a, a ba ta sana'a da dangi da ra'ayi, a rage tsawon gashin da kullum yake kai wa gadon baya, a kuma bar ta ta zama baƙa ko wankan tarwaɗa kamar yawancin masu karanta ta. Haka nan a ƙasar da ake danganta jinkirin aure da namijin dare, wato aljanin da ake cewa yana auren mace a mafarki, ake kuma ɗaukar farfaɗiya da ciwon damuwa a matsayin shafar iska, marubuci na da alhakin barin ƙofar likita a buɗe a cikin labarinsa, ko da malami na zaune a tsakar gida yana tofi.

Saura ƙarshen labari, inda aka saba ganin wani tsoho mai farin gemu ya ɓullo daga babu, ya miƙa wa jarumi maganin duk matsalolinsa, ko kuma dukan mutanen birni su musulunta a sakin layi guda don a samu a rufe littafi. Idan har tsohon zai zo, to a nuna shi tun farko yana sayar da goro a tasha, a kuma bar jarumi ya biya wani abu mai ciwo kafin ya samu taimakonsa. Al'adar raba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke daidai lokacin da takobi ke sama, ta samo asali ne daga tsadar ɗab'i da bukatar sayar da na farko a buga na gaba, kuma ta bi labaran zuwa WhatsApp da YouTube inda ake sakinsu kashi-kashi. Halas ce muddin marubuci ya san inda za shi, bai ta da mugun da ya mutu a kashi na tara ba don kawai masu biya sun ƙaru. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyin rubuta ta daidai ya ƙaru, don haka kafin a saki kowane kashi sai a ba wani mai ido ya duba ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ, kada jarumi ya tashi kai ƙara gaban sarki ya iske kansa ɗauke da kara. Sannan a karanta babin da ƙarfi a gaban ƴan fada, a sa alama a duk wurin da mai dafa shayi ya daina fifita gawayi don ya saurara, da wurin da wani ya zaro salularsa ya shiga latsawa, a koma gida a yanke na biyun.