Idan Allura Ta Hau Ja

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, duk wanda ya bi babban titi zai ga tsofaffin motoci a gefe, bonet a sama, tururi na tashi. Hawan Kibo kuwa, a hanyar Jos, ba ya jiran bazara. Can ne tsohuwar Golf da Sharon ke faɗin gaskiyar shekarunsu. Ciwon motar ɗaya ne, amma masu kewaye ta kowa da irin nasa ciwon.

Akwai mai jarka. Shi bai yarda motarsa na yoyo ba. "Ai lafiyarta ƙalau, ruwa kawai take sha." Ya san kowace rijiya da kowane famfo tsakanin Kano da Zariya, har yaran ƙauyuka kan tashi da guga in sun hango shi. Da zai shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin ya kwana, da safe ɗigon zai nuna masa wurin: ko tiyo ya tsage a bakin maɗauri, ko gindin lagireto, ko ɗan ramin da ke jikin famfon ruwa. Amma kwali tonon asiri ne. Ga shi ruwan rijiyar da yake ɗurawa na tara tsatsa da ƙanzo, yana toshe hanyoyin lagireton sannu a hankali, shi kuma yana ƙara girman jarka.

Sai jarumi. Mota ba ta gama tsayawa ba ya tuɓe hula, ya nannaɗe hannu da tsumma, ya nufi murfin lagireto. Murfin nan ba ado ba ne, shi ke matse ruwan don kada ya tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120 yana nan a ruwansa. Kana murɗe shi matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take, ya yi tsiri har fuska. A tasha za ka gane tsofaffin jarumai da tabon damtse. In Allah ya tsare shi daga wannan, sai ya kwarara wa injin ruwan sanyi, kan injin da aka yi da alminiyom ya lanƙwashe, ya kaɗa kai ya ce motocin yanzu ba su da ƙwari.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne bakanike mai gabar tamostat. Ko taya ka kawo faci, sai ya tambaya, "Oga, an cire mata tamostat kuwa? Wannan na ƙasar ƙanƙara ne." Ya ciro shi, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya wurga bayan gareji inda 'yan'uwansa suke jibge. Sannan ya haɗa fanka kai tsaye, kana murɗa makulli ta kama gurnani har ka iso gida. Gaskiya ne tamostat kan maƙale a rufe, kuma ganewa ba wuya: injin na ci da zafi, lagireto kuwa da sanyinsa. Maganinsa sabo, ba kabari ba. Aikinsa ya riƙe ruwa har injin ya kai tamanin da wani abu, sannan ya buɗe. In babu shi, da safiyar hunturu injin ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa, ainihin ciwon kuma yana nan inda yake. In ka koma da ƙorafi, an riga an tanadi mataki na gaba: "Alhaji, sai dai a sa mata lagireto mai layi biyu."

A kujerar baya kuma ba a rasa boka. Ɗanyen ƙwai, garin barkono, ɗan Omo, kowa da abin da ya ga wani direban Fijo ya zuba har suka kai Legas. Ƙwai kan toshe ƙaramin huji na ɗan lokaci, ya kuma toshe inda ba a aike shi ba. In direba ya kunna hita don ta janye zafin injin, wanda dabara ce ta gaske, bokan ne farkon mai kururuwa wai za a gasa su da rai.

Mai liƙa hoton ɗan takara a kan allurar zafin injin, shi ba sai an daɗe a kansa ba.

A kowane gari dai akwai dattijo guda da ba ya magana. Zai sa a jira injin ya huce, ya sunkuya ya shinshina, ya matsa tiyo, ya danna fambel da yatsa, ya haska tocila tsakanin haƙoran lagireto ya ga ƙura da ciyawa sun ɗinke su. Ya duba robar murfi, don sau da yawa ita ce ɓarauniyar. Sannan ya sa a tayar, ya tsura wa bakin lagireto ido. In kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, sai ya goge hannu ya ce, "Malam, gaskit ne." Mutane ba sa son zuwa wurinsa, wai ba shi da fara'a.

Mai motar kan yi godiya, ya wuce wurin dillali. Dillali ya sa a juye sabon baƙin mai, a wanke injin fes, ya ba mai saye alƙawarin gwaji bayan sallar asuba, zagaye ɗaya a unguwa. In mai saye ya buɗe but ya ga jarkoki biyu, dillali ya dafa kafaɗarsa: "Ranka ya daɗe, mai ita mutum ne mai yawan alwala."