Hirar da ba ta karantuwa

A 1994 mujallar waƙoƙi ta Ray Gun, da ke fitowa a Amurka a wancan lokacin, ta yi hira da mawaƙin Ingila Bryan Ferry. Da rubutun ya iso hannun David Carson, mai tsara shafukan mujallar, ya karanta ya ji lami, ba gishiri ba yaji. Sai ya juye hirar kaf zuwa Zapf Dingbats, wani salon rubutun kwamfuta da babu harafi ko ɗaya a cikinsa, sai taurari da almakashi da 'yan kibiyoyi. Haka aka buga, haka aka sayar. Mai naci da ke son jin abin da Ferry ya ce, an ajiye masa rubutun gaske can ƙarshen mujalla.

Carson fa ilimin zamantakewa ya karanta, ya koyar a sakandare. Ina jin a aji ya gano cewa matashi ba ya marmarin abin da babansa zai karanta salin-alin. Shi ya sa a shafukansa layi ke hawa kan layi, hoto ya karkace, kanun labari ya guntule a tsakiya. Dattijo ya ɗauka zai rantse injin bugawa ne ya samu matsala. Yaro kuwa nan take ya san kayan nasu ne.

Ba a daɗe ba Pepsi da Nike suka nemi Carson ya yi musu talla. Su ma a hargitsa musu shafi, amma sunan kaya kam dole ya karantu.