Jarumin Addu'a na Makera

Musulmin Makera ba ya neman shawarar kowa kafin ya san lokacin ganawa da Ubangijinsa ya yi. Ladan zai kira, maƙwabci zai fito da buta, mai shago zai ja ƙyaure, ƙafa kuma ta bi sahu ko zuciya tana gunaguni. Mu Kirista kuwa an sakar mana mara. Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Tasalonika kada su yanke addu'a, amma bai ce ƙarfe nawa ba. Ni ko ina cikin mutanen da in ka ce musu su zo duk lokacin da suka ga dama, to ka sallame su ke nan.

Haifaffen ƙasar Malumfashi ne ni, koyarwa ta kawo ni Makera. Kirista a nan ba mu taka kara mun karya ba, saboda haka ran Lahadi babur muke hawa da iyali zuwa Dutsin-Ma sujada. A can ne, a sujadar ƙarshen shekara, wani baƙon mai wa'azi ya ɗora mini jakar tsaba. Ya kawo Daniyel, wanda ke durƙusawa sau uku a yini tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, ramin zakoki ma bai hana shi ba. Ya kawo John Wesley na Ingila, wanda ya rasu a 1791 yana da shekara 87, ya ce mutumin nan ƙarfe huɗu na asuba yake tashi har tsufansa. Ya tsallaka Koriya, ya ce tun farkaswar da aka yi a Piyongyang a 1907 majami'unsu ke cika tun da duhu. Sannan ya zare tabarau ya tambaya, “Kai fa?” Ni dai na tabbata ni yake kallo, ko da yake uwargida ta ce agogon bango yake dubawa.

Washegari na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, da rula, da jan biro. Duk wanda ya ga jadawalin da na tsara zai yi mini shaidar tsarki. Ƙarfe 4:00 yabo. Ƙarfe 4:15 tuba. Ƙarfe 4:30 roƙo domin Gwamna da sarakuna. Ƙarfe 4:45 garuruwan da ke fama da rashin tsaro, na jero su da suna: Safana, Batsari, Kurfi, Ɗanmusa, Ƙanƙara. Ƙarfe 5:00 masu wa'azi a ƙasashen waje, har da ƙasashen da in an ba ni taswira ba zan iya nunawa ba. Yini guda na ɓata wajen ja layi. Addu'ar da na yi a ranar ita ce ta cin abinci, ita ma a gurguje, don miyar ta fara sanyi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne watan Janairu. Wanda bai kwana kusa da madatsar ruwan Zobe da hunturu ba, bai san sanyi ba. An gama dam ɗin a 1983, manoman rani na cin moriyarsa, amma iskar da ke tasowa daga kan ruwan da asuba ba ta san malamin makaranta ba. Waya ta yi ƙara ƙarfe huɗu, na fito da hannu guda daga bargo, na mayar da shi da sauri. Nan take na zama masanin tauhidi. Ashe Allah ba yana ko'ina ba? Ashe cikin bargo ba ya cikin ko'ina? Shi kansa Dauda ai ya ambata a Zabura cewa yana tuna Allah a kan gadonsa. Na fara yabo a kwance, kuma iyakar abin da zan iya shaida shi ne na kai tsakiyar jimla ta biyu.

Na ce to, hasken waya zai kori barci, bari in karanta Littafi Mai Tsarki a cikinta. Ya kuwa kore shi. Sai dai kafin in kai ga Zabura akwai WhatsApp a bakin hanya, bayansa Facebook, kuma a ko'ina akwai wanda ya faɗi maganar banza a kan ƙwallo da ke bukatar gyara cikin gaggawa. Ranar da babu wuta kuwa, waya ta kwana wurin mai caji, nakan ɗauka hutu ne daga sama.

Daga nan na yanke shawarar durƙuso. Na sauko, gwiwa a ƙasa, goshi a gefen katifa, bargo a kafaɗa. Abin da na ji bayan wannan shi ne muryar uwargida a tsakar gida, ƙasa-ƙasa, tana cewa, “Ku yi shiru, Babanku yana gaban Ubangiji.” Na buɗe ido guda, rana ta riga ta shigo ta taga. Mutum mai gaskiya da ya miƙe ya yi hamma. Ni kuwa na ɗaga murya na ce, “Amin!” Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba, na dafe gado ina rangaji. Ta shigo da ruwan zafi, idonta ya ciko.

“Sannu, Maigida. Tun ƙarfe huɗu?”

Na ce, “Sai godiya.” Ku duba da kyau, babu ƙarya a cikin wannan amsa.

Labarin da ya shiga Zumuntar Mata ba ya fitowa yadda ya shiga. Ta ba da shaida cewa mijinta yana awa uku a durƙushe. Kafin Lahadi ta zagayo awannin sun zama biyar, an ƙara da cewa ba na jin sanyi. Mata suka fara gaishe ni da rusunawa, suna kirana jarumin addu'a. Mazansu kuwa suka daina ba ni hannu da fara'a, domin kowanne an tashe shi da asuba an yi masa gori da ni. Wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, “Malam, ka ji tsoron Allah, ka rage. Gidajenmu ba lafiya.”

Suna ya riga ya fita, sai neman abin da za a cika shi da shi. Na karanta a farkon Linjilar Markus yadda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a. Na ce ga maganin katifa. Na manta cewa ƙasar Galili dabam, ƙasar Dutsin-Ma ta wannan zamani dabam. Shekarun nan mutanenmu ba su barci da ido biyu saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, da Dutsin-Ma da Kurfi a ciki, domin a toshe bakin masu kai wa ɓarayin daji rahoto. A irin wannan gari ne na lulluɓa da bargo, na rufe fuska da rawani, na bi ta bayan gari wajen gonakin tumatir, na tsuguna gindin wata bishiya, na kunna fitilar waya, na fara magana ƙasa-ƙasa.

“Kai! Kada ka motsa!”

'Yan sintiri ne, kuma aikinsu suke yi, ban ga laifinsu ba. Suka haske ni, suka karɓe wayar, suka karɓe littafin. Babbansu ya buɗe, ya karanta a fili: “Huɗu da rabi, Gwamna da sarakuna. Biyar saura kwata, Safana, Batsari, Kurfi.” Ya dube ni. Na ce addu'a nake yi musu. Ya ce, “Da jan biro?” Ban taɓa sanin rubutu mai kyau yana iya zama shaida a kan mai shi ba. Addu'ar da na yi a zuci a wannan tsugunon, ba jadawali ba rula, ita ce mafi zafi da na yi a duk shekarar, kuma ko gyangyaɗi ban yi ba.

Suka taso ni gaba zuwa cikin gari daidai an sallame sallar asuba. Allah ya kawo Alhaji maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Ya ji bayani, ya karɓi littafin ya duba, ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

“Ku sake shi, malamin yaranmu ne. Infoma ai sai mai iya hana idonsa barci. Wannan ta katanga nake jin minsharinsa kullum, daga huɗu da kwata har rana ta fito.”

Aka sake ni. Na tsira da raina, asirina kuwa ya koma aljihun Alhaji. Shi bai faɗa wa kowa ba, sai dai duk safiya in mun haɗu yakan ce, “Malam, ya ibada?” yana gyara hula.

Can Dutsin-Ma kuwa labarin bai je ba, sunana yana nan da ƙarfinsa. Da aka shirya kwanan addu'a, dattawa suka ba ni sashe mafi wuya, daga ƙarfe biyu zuwa uku na dare, suka ce ai wannan lokacin nawa ne. Ba halin zamewa, don yanzu ba mai bin hanya da dare, wanda ya zo sai gari ya waye. Na sha shayi mai kauri, na ci goro har haƙora suka yi ja. Da lokaci ya yi na karɓi makirufo, na yi jawabi mai ratsa jiki a kan raunin Kiristan zamani, har na ce wasunmu katifa ce allahnsu. Aka ce, “Gaskiya ne!” Sai na ce kowa ya durƙusa, mu yi shiru a gaban Ubangiji na minti biyar. Na durƙusa, na jingina goshi da benci, makirufo a bakina.

An ce da farko wata tsohuwa ta amsa da amin, tana zaton nishin Ruhu ne. Daga baya sautin ya daidaita, ya riƙa fita ta lasifika kamar injin ban-ruwa a bakin Zobe, yana ja yana saki. Matasa suka cusa hula a baki. Mai jita ya faɗi daga kujera. Baba Fasto ne ya zo ya zare makirufon a hankali, ya taɓa kafaɗata ya ce, “Ɗan'uwa, tashi, mun kai ga albarka.” Na zabura na ce, “Amin!” Wannan karon ba wanda ya saya.

Da safe ya kira ni ofis, ina jiran faɗa, sai ya buɗe mini Ayyukan Manzanni sura 20, labarin saurayin nan Aftikos da barci ya kwashe a Taruwasa Bulus yana wa'azi, ya faɗo daga hawa na uku. Ya ce in gode wa Allah majami'armu ba bene ba ce. Ya ƙara da cewa Bitrus ma ya yi barci a Getsamani, amma shi ba a ba shi makirufo ba. Uwargida ba ta ce uffan ba a kan babur sai da muka kusa gida, sannan ta ce, “Ashe gadin katifa kake yi, ni kuma ina hana yara tari.”

Alhaji ne ya warware mini zancen, muna zaune a dakalin ƙofar gida. Ya ce, “Malam, kai kaɗai kake son ɗaukar abin da jama'a ke ɗauka. Mu da kake gani, cire ladan ka cire jam'i, ka ga nawa za su tashi.” Na koma na bincika mutanen da baƙon mai wa'azi ya tsorata ni da su, sai na tarar rabin labari ya ba mu. Wesley da kansa ya bayyana a wa'azinsa kan fansar lokaci cewa da ƙarfe bakwai ya fara, ya dawo shida, ya dawo biyar, kafin ya tsaya a huɗu, kuma yana barcin fiye da awa shida. Wato kafin goma ya kwanta. Ni kuwa a daren gasar zakarun Turai ƙarfe tara ake take wasa, sai sha ɗaya nake baro gidan kallo, in an yi rashin nasara kuma a tsaya jayayya. Mutanen Koriya ba a gefen katifa suke yi ba, fita suke su taru. Ƙa'idar da Benedict ya rubuta wa sufaye a Italiya tun ƙarni na 6 ma ta umarce su su riƙa ƙarfafa juna wajen tashi, saboda uzurin masu nauyin barci. Ashe an san da irina shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, har an yi mana tanadi.

Kakata ma ta san wannan, ita da ta fito daga gidan Maguzawa. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma har ta koma ga Allah ba ta iya karanta harafi ɗaya a cikinsa ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗaure addu'arta a jikin murhu: ba ta hura wutar safe sai ta ambaci 'ya'yanta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta rera abin da ta haddace daga Littafin Waƙoƙi. Wuta kuwa dole a hura ta kullum. Ban taɓa jin an kira ta jaruma ba.

Yanzu tsarin gidanmu ba ya bukatar rula. In Alhaji zai wuce masallaci yakan buga ƙofata da sandarsa, uwargida ta yaye bargon ba tausayi, a taso yara. A kan benci muke zama, a tsakar gida, nesa da katifa, kuma an haramta mini rufe ido fiye da kima. Mu yi waƙa ɗaya, babbar 'yarmu ta karanta nassin ranar daga littafin Abincin Yini, kowa ya yi roƙo gajere. Duka bai wuce kwata ba. Waya tana ɗaki. Safana da Batsari suna nan a cikin roƙon, amma da baki, ba a rubuce ba.

Wani ɗan'uwa ya ce bai dace Kirista ya tashi da kiran sallah ba. Na ce masa zakara ne ya farkar da Bitrus, kuma ba wanda ya tambayi zakaran wace majami'a yake zuwa.

Dattawa sun sauke ni daga jagorancin addu'a, sun ba ni kula da janareto, wai ƙararsa za ta riƙe ni, in kuma ba ta riƙe ni ba za ta rufe mini asiri. Duk da haka, mai son gayyatata taron addu'a ƙofa a buɗe take, da sharaɗi biyu: a tashi kafin tara na dare, kuma kada a ce a yi shiru.