Sakan Goma a Gaban Surukata

Har yanzu in na yi tari ina jin ɗanɗanon abin a maƙogwaro, don haka bari in rubuta tun bai washe ba.

Tukunyar kashe gobara na saya, ta hoda, mai kilo 2, ja da alamar shuɗi, an rubuta ABC a jikinta. A Sabon Gari na same ta, kasuwar da ita kanta ta sha wuta a 2016, saboda haka mai shago bai wahala ba wajen shawo kaina. Ya ce A na katako ne da tsumma da takarda, B na fetur da kananzir, C na gas, kuma ko soket ne ya kama ana iya fesa masa, don hoda ba ta ɗaukar lantarki. Ya nuna min ɗan agogon da ke wuyanta, ya ce muddin allura na kan kore to da ƙarfinta, sai dai in riƙa jujjuya ta lokaci-lokaci kada hodar ta dunƙule a gindi. Ya ce ta fi wata irin tukunyar mai baƙar alama araha nesa ba kusa ba, kuma wannan ne bayanin da ya fi shiga kunnena. Na kawo ta gida na rataye a bakin kicin, na tara iyali na yi musu lacca. Maman Ummi ta saurare ni irin sauraren da take min in na fara zancen siyasa.

Ranar Asabar surukata ta zo. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, ido a ƙasa, na shige ɗaki. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba. Malam take cewa, shi ma ta bakin 'yar tata. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida inda rana ke sauka, don hunturu ya kankama. Ta idar da la'asar tana jan carbi, cikin baƙin hijabi sabo fil, da tabarau.

Sai Ummi ta ƙwala ihu: "Abba, wuta! Wuta!"

Man suyar kaji ne ya kama a kasko. A cikin tsoron da na ji har da ɗan farin ciki. Ranar da na yi wa tanadi ta zo, ga kuma babbar mai shaida zaune a kan tabarma. Na fito a guje daga ni sai singileti, na fizgo tukunyar daga ƙusa, na ja fil ɗin da ke tokare hannunta. Fil ya ce bai san zancen ba.

Dalilin mai sauƙi ne. Hannun tukunyar biyu ne, na ƙasa na ɗauka, na sama na matsawa, fil ɗin kuma ya ratsa tsakaninsu. In ka damƙe su tare don tsoro, ka danne fil ɗin ke nan, ko Shago ne ba zai zare shi ba. Ni kuwa na damƙe su da iya ƙarfina, ina ja, ina tsalle, ina salati.

A nan maƙwabcina ya shigo labarin, ko da yake bai shigo gidan ba. Tsohon direban tirela ne, dattijo mai son taimako. Ya ji ihu ya taho da sauri, ya ci burki a soro, don gidan matan aure ne, ba shiga. Daga inda ya tsaya ba ya ganin komai sai bangon da aka gina musamman don kada a ga komai. Wannan bai hana shi karɓar ragamar aikin ba.

"Malam! Girgiza ta tukuna!"

Na girgiza.

"Kifa ta! Kai ƙasa, gindi sama!"

Na kifa. Akwai siririn bututu a cikin tukunyar da ke zuƙo hoda daga gindi, saboda haka wanda ya kifa ta iska kawai zai fesa. Sai na miƙar da ita don nauyinta ya ishe ni, ba don na san haka ba.

"Akwai ƙasa a kusa? Mu a hanyar Legas ƙasa muke watsawa!"

"Siminti ne, Alhaji!"

"To ruwa! A sa omo a ciki!"

Allah ya taimaka babu wanda ya bi wannan. Ruwa in ya faɗa cikin mai mai ci, nan take yake komawa tururi ya tashi da man gaba ɗaya, wutar kasko ta zama wutar rufi. Amma Alhaji ya faɗe ta da muryar wanda ya kashe gobara ɗari. Shekara da shekaru ya yi yana yawo da irin tukunyar nan a bayan kujerar motarsa, aikinta ɗaya tak: in 'yan Rod Sefti sun tsayar da shi ya ɗago ta su gani. Fil dai bai taɓa zarewa ba, ya gaya min da bakinsa, yana alfahari.

Duk wannan hidimar da muke yi, Maman Ummi ta riga ta murɗe kan gas ta kashe, ta ɗauki murfin babbar tukunya ta kife a kan kaskon. Wuta ta rasa iska ta mutu. Wai har sau biyu ta ce, "Abban Ummi, an kashe." Ban ji ba. Kunnena yana soro.

"Malam, juyo nan in kwatanta maka!"

Na juya. Tsakanina da soron nan babu komai sai tabarmar Hajiya. Garin juyawa hannuna ya saki, fil ya zame ya fito salin alin, na yi taga-taga baya, hannu ya sake damƙewa.

Mai shago ya ce min irin wannan ƙaramar ba ta wuce sakan goma tana fesawa, har na raina ta a lokacin, na ce me sakan goma zai yi wa mutum. Iskar naitirojin ce aka ɗura a ciki da ƙarfi, tana cilla hoda mita uku ko fiye. Hajiya ba ta kai mita biyu daga inda nake ba.

Carbin ya fara samu. Na ga hannunta ya yi fari, sannan gwiwa, sannan abin ya hau hijabi yana tafiya sama a natse, don hannuna yana rawa, bakin tukunyar yana ɗagawa. Ƙwaƙwalwata ta ce saki. Yatsuna suka ce ba su ji ba. Daidai lokacin da suka fara shawarar sassautawa, Alhaji ya ji ƙarar fesawa.

"Yawwa! Kada ka saki! In ka saki iskar ta gudu, ka yi asarar kuɗinka!"

Abin haushi, a duk maganganunsa na ranar wannan ce kaɗai mai ƙamshin gaskiya. Tukunyar hoda in an fesa ta ko kaɗan ne, hodar kan maƙale a bawul, sauran iskar ta tsiyaye a hankali, dole a kai a sake cika ta. Ni kuma da na ji an ambaci kuɗina sai na ƙara matsawa.

Hajiya ba ta tashi ba. Ba ta yi ihu ba. Abin da ta saba yi duk sanda na bayyana a gabanta shi ta yi: ta kau da kai gefe don kunya. Hodar ta gama da ɓangaren dama. Iskar hunturu, wadda ba ta son a bar aiki rabi, ta kwaso ragowar ta zagayo ta rufe ɓangaren hagu, ta wuce kan kajin da aka riga aka soya a faranti, ta bi shanyar da ke kan igiya, ta shiga tagar falo, abin da ya rage ta dawo min da shi fuska. Kuma wallahi a tsakiyar farin hazon nan na ga babban yatsanta ya tura ƙwayar carbi ɗaya. Wannan yatsan nake gani duk sanda na rufe ido. Ban san me ta karanta a kan ƙwayar nan ba, ina dai fatan ba sunana a ciki.

Tukunya ta yi ɗan huci ta yi shiru. Allura ta faɗi ƙasa. Ba ka jin komai sai tarin Ummi da nawa. Da ƙurar ta fara kwantawa sai ga Hajiya zaune yadda take, fari fat da ɗan ruwan ɗorawa, kamar wadda ta kwana a gidan niƙa. Ta sa hannu ta cire tabarau a hankali. Wuraren idon nan biyu ne kaɗai suka rage da launin da Allah ya halicce ta da shi. Ta dubi 'yarta, ba ni ba.

"Ke, tambayi Malam, ni ce gobarar?"

Na zube a ƙasa da singiletina da fankon tukunya a hannu. "Sannu, Hajiya. A gafarce ni, Hajiya." Da na rasa abin ƙarawa sai na shiga karanta mata rubutun jikin tukunyar, wai don hankalinta ya kwanta. Na ce ba guba ba ce, sinadarin fosfet ne, ɗan'uwan takin zamani, ido da maƙogwaro kawai yake damu, a wanke da ruwa mai yawa. Ban san abin da ya sa na zaci dattijuwa za ta ji daɗin sanin cewa taki aka zuba mata ba. A ƙasan rubutun har da zane: a zare fil, a riƙe ta a tsaye, a auna gindin wuta, a matsa ana kaɗawa dama da hagu. A zanen, mutumin yana fuskantar wuta ne.

Kajin dai an zubar. Hodar nan a bushe ake share ta, in ta jiƙe danƙo take yi ta kama ƙarfe tana ci, kuma babu ramin da ba ta sani ba. Yau da safe na same ta a cikin rimot, a aljihun rigar Juma'a, da cikin gwangwanin sukarin da yake a rufe.

Amma a lokacin ba mu kai ga shara ba. Maman Ummi ta ɗauko buta da tsumma tana cije leɓe, kafaɗunta suna rawa, ni ina durƙushe, Hajiya tana kakkaɓe carbi ƙwaya-ƙwaya. Sai murya ta taso daga soro, cike da gamsuwar wanda ya gama aiki.

"Malam! Na ji shiru. Ta mutu?"

Hajiya ta tofar da hoda gefe.

"Ku ce masa da sauran kwanana."